Tun Ran Gini Ran Zane: Me Taswirar Tsarin Ma'aikata Take Faɗa Mana?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin wata babbar ma'aikata, ko ya buɗe rahoton banki ko na wata hukumar gwamnati, da wuya a ce bai ci karo da wani irin zane mai cike da akwatuna da kibiyoyi ba, wannan akwati bisa wancan, wannan kibiya ta fito daga nan ta faɗa can. Akasarinmu kallo ɗaya muke yi wa irin wannan zane mu wuce, domin mun ɗauka ado ne aka yi wa rahoto, ko kuwa sha'ani ne na masu aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa wanda bai shafi kowa ba sai su. Masana suna kiran wannan zane taswirar tsarin ginin ma'aikata, wato zanen da yake nuna yadda ayyukan ma'aikata da bayananta da manhajojinta da na'urorinta suke ɗaure da juna.

Ra'ayin da nake so in kafa a wannan maƙala shi ne, iya karanta wannan taswira ya zama wajibi ga ɗalibin sakandare na wannan zamani, kamar yadda iya karanta taswirar ƙasa ya zama wajibi a darasin labarin ƙasa. Dalili kuwa shi ne, takin zamanin da manomin Bacirawa yake jira, da sakamakon jarrabawar da ɗansa yake jira, da albashin malamin da ya koyar da ɗan, duk a yau ta cikin waɗannan akwatuna da kibiyoyi suke bi kafin su iso hannun masu su. Wanda bai san hanyar da haƙƙinsa yake biyowa ba, ran da ya maƙale ba zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Asalin Wannan Ilimi

Maginin gargajiya na ƙasar Hausa, kafin ya aza tubali ko guda, sai ya shata gidan a ƙasa: ga zaure, ga shigifa, ga turaka, ga ɗakunan mata, ga inda ruwan sama zai bi ya fita. Mai gida yana tsaye yana kallo, kuma a lokacin ne yake da damar cewa a matsar da wannan ko a faɗaɗa wancan, domin idan bango ya tashi magana ta ƙare. Shi ya sa Bahaushe ya ce tun ran gini ran zane.

Irin wannan tunani ne wani ma'aikacin kamfanin IBM na Amurka, mai suna John Zachman, ya shigo da shi fagen na'ura mai ƙwaƙwalwa a shekarar 1987. Zachman ya lura cewa masu gina manyan gidaje da masu ƙera jiragen sama ba sa dogara da zane guda. Akwai zanen da ake nuna wa mai dukiya, akwai wanda mai tsarawa yake aiki da shi, akwai kuma wanda ake miƙa wa mai gini, alhali duk abu ɗaya suke siffantawa. Sai ya ce ashe haka ya kamata a yi wa tsarin bayanai na kamfanoni da hukumomi. Da farko tambayoyi uku ya kafa: mene ne, yaya ake yi, kuma a ina? A shekarar 1992, shi da John Sowa suka ƙara uku: wane ne, yaushe, kuma don me? Daga nan wannan ilimi ya bunƙasa. A 1995 aka fitar da tsarin da ake kira TOGAF, wanda ya zama jagora ga masu wannan sana'a a ƙasashe da dama. A nan gida kuwa, Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, wato NITDA, ta fitar da kundin tsarin ginin ma'aikatun gwamnatin Nijeriya a shekarar 2019, da nufin ma'aikatu su daina gina tsare-tsaren da ba sa jin maganar juna.

Kowace Taswira Amsa Ce ga Tambaya Guda

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, babu taswirar da take nuna komai da komai. Bari mu ɗauki misali daga gona. Ƙasar da take kewaye da birnin Kano, wadda Bacirawa take cikinta, ta shahara wajen yawan jama'a da cinkoson gonaki, har masanin labarin ƙasa Michael Mortimore na Jami'ar Ahmadu Bello da abokin aikinsa suka wallafa bincike na musamman a kanta a shekarar 1965. A irin wannan ƙasa babu saura, gona tana jingine da gona, iyaka kuwa ɗan layin gamba ne ko shingen lalle ko aguwa.

A farkon ƙarni na 20, hukumar mulkin mallaka ta sa malaman taki su riƙa auna gonakin Kano da takin ƙafa, domin a yanka haraji gwargwadon faɗin gona. Abin da malamin taki yake rubutawa amsa ce ga tambaya guda: nawa mai wannan gona zai biya? Littafinsa ba zai gaya maka ko gonar jigawa ce mai son gero da gyaɗa ko kuwa fadama ce ba. Ba zai gaya maka cewa ɗorawar da take tsakiyar gonar ta magada ce gaba ɗaya ba, ko cewa rabin gonar yana hannun wani a jingina, ko cewa jakin da yake kawo mata taki daga birni ta wace burtali yake biyowa. Dagaci yana da tasa taswirar a ka, ta gado da saye da aro da jingina. Malamin gona yana da tasa, ta irin ƙasa da irin shuka. Gona ɗaya, taswira uku, kowace gaskiya ce a muhallinta, amma wanda ya ɗauki ta haraji ya je raba gado da ita ya tayar da fitina.

Haka abin yake a wajen Turawa. A shekarar 1933 aka buga taswirar jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin Landan wadda Harry Beck ya zana. Beck ya yi watsi da ainihin nisan da yake tsakanin tashoshi, ya miƙe layukan da suke a karkace, domin ya gane cewa fasinja abu biyu kawai yake son sani: wace tasha ce take bin wace, kuma a ina zai canja jirgi. Wanda ya yi amfani da wannan taswira don auna tafiyar ƙafa zai sha wahala, amma laifin ba na taswirar ba ne.

Saboda haka, idan aka ajiye maka taswirar tsarin ma'aikata, tambayar farko ita ce: wa aka zana wa wannan, kuma wace tambaya tasa ake son amsawa? Taswirar da aka zana wa shugaban hukuma don ya yanke shawarar kashe kuɗi dabam take da wadda aka zana wa injiniyan da zai ja waya.

Hawa Huɗu na Ginin Ma'aikata

Masu wannan ilimi sukan kasa ma'aikata hawa huɗu, kamar gidan bene. Hawa na sama shi ne na aiki: me ma'aikatar take yi, wa take yi wa, su wa suke yi, kuma mataki nawa ake bi? Na biyu shi ne na bayanai: waɗanne sunaye da lambobi da alƙaluma ake ajiyewa, kuma wa yake da ikon canja su? Na uku shi ne na manhajoji, wato umarnonin da aka rubuta wa na'ura don ta sarrafa waɗannan bayanai. Na ƙasa kuwa, wanda yake ɗauke da sauran duka, shi ne na kayan aiki: na'urori da wayoyi da turakun sadarwa da wutar lantarki.

Domin abin ya fito fili, bari mu duba wani shiri da manoman jihar Kano suka sani. A shekarar 2012, Ma'aikatar Gona ta Tarayya a ƙarƙashin minista Akinwumi Adesina ta ɓullo da shirin rabon takin zamani ta wayar salula, wanda aka fi sani da GES. Kafin wannan lokaci gwamnati ce take sayen taki ta raba, kuma ministan ya sha faɗin cewa kimanin kashi 11 cikin 100 na manoma ne kawai takin yake isa gare su, saura a hanya yake zurarewa. Sabon shirin ya ce a yi wa manomi rajista, a aiko masa da saƙo a wayarsa, ya tafi cibiyar rabo ya biya rabin kuɗin buhu biyu, gwamnatin tarayya da ta jiha su biya wa dillali ragowar rabin.

To, yaya taswirar wannan shiri za ta kasance? A hawan aiki za mu ga manomi da malamin gona mai rajista da dillalin taki da ma'aikatar tarayya da ta jiha da banki. A hawan bayanai za mu ga sunan manomi da lambar wayarsa da mazaɓarsa da adadin buhunan da ya cancanta. A hawan manhaja za mu ga asusun waya wanda kamfanin Cellulant ya gudanar, shi ne yake tura saƙo kuma yake lissafin wanda ya karɓa. A hawan ƙasa kuma za mu ga wayar manomi da turken kamfanin sadarwa da manyan na'urorin da suke riƙe da rumbun bayanai.

Amfanin jera su haka shi ne, mai hankali yana iya bin kibiya daga sama zuwa ƙasa yana tambaya. Saƙon nan da rabon ya dogara da shi, me zai faru idan manomi ba shi da waya, ko ya yi rajista da lambar maƙwabcinsa, ko ba ya karanta boko, ko kuma babu sabis a ƙauyen ranar rabo? Kibiyar da ta tashi daga gwamnati zuwa dillali da sunan biyan kuɗi, kwana nawa take ɗauka, kuma idan ta yi jinkiri da me dillali zai saro takin baɗi? Waɗannan su ne ainihin matsalolin da shirin ya yi fama da su: ƙarancin sabis a karkara, da sunayen da aka nema aka rasa a jerin rabo, da bashin da dillalai suka biyo gwamnati. Har ta kai a shekarar 2014 an gwada wani kati mai aiki ko babu sabis a jihar Sakkwato da yankin Abuja. Shirin ya isar da taki ga manoma masu ɗimbin yawa, wannan ba abin musu ba ne. Amma ramukan da ya faɗa duk ramuka ne da suke bayyane ga wanda ya karanta taswira tun daga hawan sama har ƙasa, yana tuna da manomin da yake can ƙarshen layi.

Yadda Ake Karanta Akwati da Kibiya

Bayan tambayar farko da muka ambata, akwai wasu guda biyar da nake ba ɗalibai shawara su haddace.

Ta ɗaya, taswirar ta yau ce ko ta gobe? Masu tsarawa sukan zana biyu: yadda ma'aikata take a halin yanzu, da yadda ake fatan ta zama. Tazarar da take tsakaninsu ita ce aikin da za a kashe wa kuɗi. Babbar yaudara ita ce a nuna wa jama'a zanen buri a matsayin zanen abin da yake ƙasa.

Ta biyu, me kowace alama take nufi? Kamar yadda malamin labarin ƙasa yake cewa a fara duba mabuɗin taswira, haka a nan. Akwati yana iya zama ofis, ko mutum, ko manhaja, ko na'ura. Akwai ƙa'idojin zane da aka amince da su, irin su ArchiMate, inda kowace siffa take da ma'ana tabbatacciya, amma da yawa daga zane-zanen da muke gani ba sa bin kowace ƙa'ida. Taswirar da ba ta da mabuɗi, kowa da irin fassarar da zai yi mata.

Ta uku, me yake bin cikin kibiyar? Kuɗi ne, ko umarni, ko bayani, ko kaya? Ta waya yake bi, ko a takarda, ko kuwa wani ne yake ɗauka a babur? Kowace kibiya alkawari ce tsakanin ɓangarori biyu, cewa wannan zai ba wancan abu kaza a lokaci kaza. Galibin ɓarna a kan kibiya take aukuwa, domin kowane akwati yana da shugaba mai kula da shi, amma kibiyar da take tsakanin hukuma da hukuma sau da yawa marainiya ce.

Ta huɗu, wane akwati ne kibiyoyi suka yi wa yawa, kuma wane ne ya maimaitu? Unguwar da take da rijiya guda, ran da guga ya faɗa kowa ya kwana da ƙishirwa. Haka akwatin da kowa ya dogara da shi, idan ba a yi masa madadi ba. Maimaici kuwa shi ne a ga abu ɗaya an ajiye shi wuri-wuri. Ɗan Nijeriya ya ba da sunansa da hoton yatsunsa wajen rajistar layin waya, da wajen lambar banki ta BVN da aka fara a 2014, da wajen katin zaɓe, da wajen lambar ɗan ƙasa ta NIN. Mutum ɗaya, rumbu huɗu, kuma idan an rubuta Muhammad a nan, Mohammed a can, shi ne zai yi ta zirga-zirgar gyara da kuɗin aljihunsa. Umarnin da gwamnati ta bayar a watan Disamba na 2020 na haɗa layin waya da lambar NIN yunƙuri ne na ja kibiya tsakanin rumbunan da aka gina ba tare da zane guda ba.

Ta biyar, wadda ta fi kowace muhimmanci, me aka bari ba a zana ba? Sau da yawa abin da ba ya cikin taswira shi ne janareta da man da yake sha, da mai shagon kwamfuta da yake cike wa mutane fom, da tsohon da ba ya iya karanta saƙo. Rashin ganinsu a takarda bai fitar da su daga cikin tsarin ba.

Darasi Biyu Daga Gida

Kada ɗalibi ya zaci wannan magana ta yi nisa da shi. Tun daga shekarar 2015 jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB ta koma kan na'ura mai ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, kuma daga 2021 ba a yin rajistarta sai da lambar NIN. Ma'ana, an ja kibiya daga rumbun hukumar katin ɗan ƙasa zuwa rumbun JAMB, kuma duk kuskuren suna ko ranar haihuwa da yake can zai biyo kibiyar ya iso nan. Ɗalibin da ya fahimci haka tun yana aji biyar zai je ya duba bayanansa, ba zai bari sai rajista ta zo ba.

A watan Mayu na 2025, bayan koke-koke sun yi yawa a kan sakamakon jarrabawar wannan shekara, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi afuwa, ya bayyana cewa an sami tangarɗa da ta shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, kuma aka sake yi musu jarrabawa. Bayanin da aka yi shi ne, wani gyara da aka yi wa manhaja bai isa ga wasu daga cikin manyan na'urorin da suke hidimar waɗannan cibiyoyi ba. A taswira, waɗannan na'urori akwatuna ne masu kama da juna, amma a zahiri ba abu ɗaya ne yake cikinsu ba.

Na biyu shi ne zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, lokacin da sakamakon zaɓen 'yan majalisar tarayya ya riƙa hawa shafin intanet na hukumar INEC daga rumfunan zaɓe, na shugaban ƙasa kuwa ya ƙi hawa na tsawon sa'o'i. A rahoton da hukumar ta fitar a 2024, ta ce an tsara rumbun ne ta yadda kowane zaɓe yake rataye a ƙarƙashin wata jiha, alhali zaɓen shugaban ƙasa mazaɓarsa ƙasa ce baki ɗaya, don haka manhajar ta rasa inda za ta ajiye shi. Mutane sun saɓa a kan ko wannan bayani ya gamsar, kuma ba hurumin wannan mujalla ba ne ta raba wannan gardama. Abin lura a gare mu shi ne, ko bisa faɗar hukumar kanta, hawan bayanai ne ya saɓa wa hawan aiki, kuma abin da aka yi asara shi ne amincewar jama'a, wadda ta fi kowace na'ura tsada. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Abin da Masu Suka Suke Cewa

Akwai masu ganin cewa wannan duk ɓata lokaci ne, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Suna cewa sau da yawa hukuma takan biya ƙwararru kuɗi masu yawa su zana taswirori, a yi bikin ƙaddamarwa, a saka a kabad, bayan shekara biyu tsarin ya canja taswira tana nan yadda take. Wannan gaskiya ne, kuma ba a Nijeriya kaɗai ba. Tsohuwar taswira ta fi rashin taswira haɗari, domin wanda ba shi da ita yana tafiya yana tambaya, mai riƙe da tsohuwa kuwa yana tafiya gaba gaɗi har ya faɗa rami. Sai dai maganin wannan shi ne a rage yawan zane, a sa wa kowane ranar da aka yi shi da ofishin da yake da alhakin sabunta shi, kuma a sami masu karantawa. Takardar da ba mai dubawa ita ce take tsufa ba a sani ba.

Wasu kuma suna cewa bayyana tsarin hukuma buɗe wa ɓarayin intanet ƙofa ne. Amsa ita ce abin da Zachman ya faɗa tun farko, cewa zane hawa-hawa ne. Ba wanda ya ce a liƙa adireshin na'urori da kalmomin sirri a bango. Amma zanen hawan aiki, wanda yake nuna matakan da takardar mutum take bi, da ofishin da yake riƙe da kowane mataki, da kwanakin da ya kamata ya ɗauka, wannan haƙƙin jama'a ne, kuma ya dace da manufar dokar 'yancin samun bayanai ta shekarar 2011. Ɓoye shi ba ya tsare kowa sai mai neman na goro.

Na uku suna cewa makarantun karkara ba su da na'urori balle wutar lantarki, ina su ina wannan ilimi? A nan ne nake ganin an yi wa abin gurguwar fahimta. Karatun taswira ba ya bukatar na'ura ko guda. Allo da alli sun isa, domin horo ne na tunani.

Kira ga Malamai da Ɗalibai

Ina kira ga malamanmu, musamman na darasin kwamfuta da labarin ƙasa da tattalin arziki da aikin gona, da su gwada wannan aiki a aji. A kasa ɗalibai rukuni-rukuni, a ba kowane rukuni wani tsari da suka sani: yadda maki yake tashi daga takardar jarrabawa har ya zama sakamakon zango a hannun uba, ko yadda buhun gyaɗa yake barin gona har ya isa kasuwar Dawanau kuɗinsa ya dawo, ko yadda adashen matan unguwa yake zagayawa, ko yadda ake karɓar kuɗi a wurin mai POS. Kowane rukuni ya zana hawa huɗu, ya sa mabuɗi, ya rubuta a kan kowace kibiya abin da yake bin cikinta. Sannan a yi musaya, wani rukuni ya karanta zanen wani, ya nemo akwatin da idan ya tsaya komai ya tsaya, da abin da aka manta ba a zana ba.

Malamin da ya gwada zai ga abin mamaki: ɗalibai biyu da suke aji ɗaya za su zana tsarin makarantarsu ta hanya biyu mabambanta, kuma gardamar da za ta tashi tsakaninsu ita ce darasin. Babban aikin taswira ke nan ko a manyan kamfanoni, ta tara mutanen da kowa yake zaton sun fahimci juna, ta nuna musu inda suka saɓa tun kafin a kashe kuɗi.

Ku kuma ɗalibai, ku sani wannan sana'a ce mai zaman kanta, bankuna da kamfanonin sadarwa da hukumomi suna neman masu ita. Ba ta bukatar gwanin lissafi kaɗai, tana bukatar mai sauraro, mai haƙurin tambaya, wanda ya san yadda jama'a suke rayuwa. Yaron da ya tashi a Bacirawa, ya san cewa waya ɗaya tana iya zama ta gida guda, ya san lokacin da taki yake da amfani da lokacin da ya zama na baɗi, yana da ilimin da mai zane a ofis mai sanyi a Abuja ba shi da shi.

Kammalawa

A taƙaice, taswirar tsarin ma'aikata tana ƙoƙarin faɗa mana abu uku: me ya dogara da me, wa yake da alhakin me, kuma idan aka taɓa nan ina ne zai motsa. Wadda ta amsa waɗannan ga mutumin da aka zana wa ita, ta yi aikinta ko da a bayan takardar kwali aka zana ta. Wadda ta kasa kuwa, yawan launi da kyawun bugu ba za su cece ta ba. Hukumominmu za su ci gaba da mayar da ayyukansu kan na'ura, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Abin da ya rage gare mu shi ne mu yaye ɗaliban da idan aka shimfiɗa musu zane za su sa yatsa a kan kibiya su ce: wannan fa, idan ta yanke, wa za mu tambaya? Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.